Sauran Furar Alhaji

Ina aji uku a firamare Baba ya kai ni gaida wani Alhaji, babban dillalin shanu a Daura, wanda kullum Baba yake cewa in yi koyi da shi. Mun tarar da shi a zaure yana shan fura, bakinsa jajir da goro. Baba ya durƙusa ya gaishe shi har sau biyu, Alhaji bai ko ɗago kai ba. Da ya ƙoshi, sai ya ture ƙwaryar da ƙafa.

Baba ya ɗauko ta da hannu biyu, ya miƙo mini. "Shanye, ɗana, ka samu albarkarsa. Haka ake zama mutum."

Ɓarɓashin goro na yawo a kai. Na rufe ido na shanye don kada in kunyata Baba.

Har yau ban mallaki ko maraƙi ba. Furar kam na yafe. Amma ƙafar nan da ta ture ƙwaryar, da hannayen mahaifina da suka ɗauko ta, su ke tayar mini da zuciya.