Allurar Motar Ɗanasabe

Tun ranar da Ɗanasabe ya dawo daga cin rani da 'yar jar motarsa mai turbo, awakin garinsu Azarori suka daina kwanciya a kan hanya. Motar ba ta fi tukunyar biki girma ba, amma in ya taka ta, har kaji sai sun nemi bayan rumbu. Uwarsa Sabuwa ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haɗa shi da liman. A banza.

Abu ɗaya ke hana shi barci, wato Halidu na Madawa, wanda shi ma ke da irin wannan mota, fara. A gaban mutane, wajen mai shayi, Halidu ya kira ja ɗin kwanon awo. Nan take aka yanka magana: za su yi tsere daga Madawa zuwa Buza, wanda aka bari a baya kuwa zai kashe motarsa ya tura ta da hannu cikin kasuwa, ranar da kasuwa ta cika. Ɗanasabe ya ji gara a binne shi da a ga wannan.

Da labari ya kai gida, ya shirya jin masifa. Sabuwa ta dube shi kawai, ta ci gaba da tankaɗe.

"Tunda ka ƙi ji, ka kai ta wurin Mahfuzu ya duba ma ita," in ji ta.

Mahfuzu shi ne makanikin da ba ya taɓa sifana. Sai dai ya soka waya ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ya shiga ƙwaƙwalwar mota ya sake mata karatu. Da Ɗanasabe ya kai masa motar, ya kalle shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne ɗan Sabuwa?"

"Ni ne. So nike ta tashi sama."

"Za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Ai kuwa ya gani. Da ya fito garejin, motar na gurnani, bututun hayaƙi na harbi tau-tau kamar bindigar maharba. Ya ɗan taɓa totur, allurar awon gudu ta yi tsalle ta wuce inda ba ta taɓa zuwa ba. Har mai ta rage sha, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa Mahfuzu gwani ne. Cikin gari kuwa tsofaffin da suka saba tsine masa sai ga su suna ɗaga masa hannu, suna murmushi. Ya ce a ransa, an fara sanin girmana.

Ranar tsere, da hantsi, motocin biyu suka jera. Ta Halidu ma na harbi tau-tau, abin da ya ɗan sosa wa Ɗanasabe rai, amma ya share. Aka saki hula, suka zabura.

Ɗari da ashirin. Ɗari da sittin. Gumi ya jiƙa masa riga, yana riƙe da sitiyari kamar mai kokawa da sa. Ya waiga, ga Halidu kafaɗa da kafaɗa, ido waje, baki na motsi, da alama kalmar shahada yake yi. Allura ta dafa ɗari biyu ta kwanta a can. Tsoro ya kama Ɗanasabe sosai, amma tsoron tura mota cikin kasuwa ya fi.

Ana cikin haka wani dattijo a kan moto, wato babur, da buhun albasa biyu a baya, ya zo ya wuce su, har da yi musu sallama.

"Wanga tsoho ya haukace," in ji Ɗanasabe. "Kashe kansa zai yi."

A bakin Buza ja ta riga fara da tsawon hannu. Ɗanasabe ya fito, ya durƙusa ya gode wa Allah da ya fid da shi da rai. Duk wanda ya tare shi sai ya ba shi labarin yadda ya ga mutuwa ido da ido ya ƙi janye ƙafa. Mutane na gyaɗa kai, wasu na rufe baki da hannun riga.

Da la'asar ya iso gida, ƙirji a gaba, yana shirin gaya wa uwarsa irin ɗan da ta haifa. Sai ya ga takalman baƙi a ƙofar ɗakinta, ya ji muryarta da ta uwar Halidu suna dariya har da tari. Ya tsaya. Murya ta uku ta Mahfuzu ce, yana magana baki cike da fura.

"Inna, yadda kuka ce haka na yi musu, su duka biyun. Allura ta nuna ɗari biyu, amma wallahi ba wadda ta wuce sittin."