Layin Inna Huseina

Sau goma sha ɗaya ke nan Darakta Nababa yana cewa a sake. Layi ɗaya tak ya rage a fim ɗin. Tsohuwa za ta tsaya a bakin zaure, ta dubi hanyar Ɗambatta, ta kira ɗanta da ya tafi birni: "Sama'ilu, dawo gida." Daga nan sai naɗe kaya.

Inna Huseina ta tsaya inda aka ja mata layi a ƙasa. Ta dubi hanya, idonta ya ciko da ƙwallar da manyan jaruman Kano ba sa samu sai an shafa musu man zafi. Sannan ta ce, "Kai wannan, dawo gida."

A shekarun nan kasuwar faifai ta mutu murus. Kafin fim ya kwana biyu a kanti, 'yan turi sun zuba shi a wayoyin jama'a. Abokan sana'ar Nababa wasu sun koma tuƙin a-daidaita-sahu, wasu sun koma gona. Shi kuwa, da taurin kai irin nasa, sai ya sayar da motarsa ya shirya wannan fim, ya kuma ƙi duk wata fitacciyar uwar fim, ya ce shi tsohuwar ƙauyen nan yake so. Kyamarar ma ta haya ce, dole ta bi motar ƙarshe zuwa Kano bayan la'asar, gobe tana da ɗaukar biki.

Khalilu mai ɗaukar hoto ya share zufa. "Darakta, mu canja sunan mana. Ko mu ɗauka a haka, in mun je Kano wata ta ɗora murya."

"Muryarta nake so."

"Ni abin ya ɗaure min kai. Jiya fa shafi biyu aka biya mata ta haddace tas."

Nababa ya cire takalmi, ya je ya tsuguna a gabanta. "Inna, wasa ne fa. Suna ne kawai a takarda. Sau ɗaya, don Allah."

Ba ta dube shi ba. Tun zuwansu ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ko ruwa za a ba shi sai ta aiko autarta Zulaihatu. Tari ya sarƙe ta, ta toshe baki da gefen mayafi, ta yi maza ta ninke wurin. Ya ga jinin. Zulaihatu ta riga ta gaya masa abin da likita ya ce: da wuya tsohuwar ta ga kakar bana.

Aka sake na sha biyu. Ta dubi hanya, leɓenta ya motsa. Matan maƙwabta da ke leƙe ta saman danga suka fara ƙunshe dariya. Inna Huseina ta sunkuyar da kai.

"Ba zan iya ba," ta ce wa Zulaihatu. "A bar ni haka."

Direba ya danna hon a bakin titi. Khalilu ya dubi ubangidansa, sannan ya fara kwance kyamara. Nababa na tsugune a inda yake. Ya saba sa mutum ɗari su yi kuka da ɗaga hannu ɗaya, yau ga shi ba shi da dabara ko ta anini.

Tsohuwar ta dafa bango ta shige. Daga cikin zaure ya ji tana cewa, "Zulai, ki ce wa mutumin nan ya ci tuwo kafin ya kama hanya. Ya rame."

Nababa sunan masana'anta ne. Sunan da aka raɗa masa a wannan zauren shekara arba'in da bakwai da suka wuce Sama'ilu ne, ɗanta na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ta kira shi ba ko sau ɗaya.