Sa da Baƙo a Zaure Ɗaya

Zauna, Mudassiru, na gaji da maimaita magana ɗaya. A shagonka na intanet, shafin masu saye daban, na ma'aikatan shago daban, amma ƙofar shiga ɗaya tak ka nuna wa manhajar da ke ɗaure maka fayiloli. Ita kuwa ta ƙulle komai a ƙunshi guda. Wanda ya zo duba atamfa sai wayarsa ta sauke kayan ma'aikata kaf kafin ya ga ko zare. Tun yaushe nake cewa ka ware wa kowane shafi ƙofarsa a fayil ɗin saiti, kana ce mini sai ranar buɗe shago?

Haka wani manomi ya yi. Ya ja katanga ya zagaye ɗakunansa da turken shanunsa da rumbunsa, ya bar zaure ɗaya. Mai zuwa gaisuwa ya taka kashin shanu, mai zuwa awon dawa ya raɓe da bango har garke ya gama wucewa. Tun da rani magini ya ce a fasa wa shanu ƙofa ta baya, a ɗora azara, ta bushe kafin ruwa ya sauka. Manomin ya ce ai ana shiga ana fita, me ya yi zafi? Damina ta yi tsakiya, mai sayen hatsi ya zo da mota zai kwashe dawar bara. Ƙarar motar ta firgita babban sansa mai faɗin ƙaho, ya kutsa zaure ya maƙale, ba gaba ba baya. 'Yan dako na ciki da buhuna a ka, mota na waje. Sai a lokacin bawan Allah ya tuna da ƙofa ta biyu! Ya ɗauki diga ya far wa katangar da ta ƙoshi da ruwa. Katanga ta rufto gaba ɗaya a kan rumbun, dawa ta watse cikin taɓo. Mai mota ya juya ya yi lodi a gidan maƙwabci.

Wallahi abin na ba ni haushi, don da rani aikin wuni guda ne. Naka ma bai kai haka ba, 'yan layukan rubutu ne. In ka bari sai ranar buɗe shago ka taɓa saitin nan a gaggauce, ba ka san abin da zai rufto ba, masu saye kuma ba za su tsaya jiranka ba. Tashi ka raba ƙofofin nan yau. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.