Takardar Aljihun Auta

Umma tana zazzage aljihun wandon Auta kafin wanki sai takardar ta faɗo. Tambarin asibiti ne a sama, ƙasansa an rubuta: tiyatar rage nono, Laraba, ƙarfe tara, kada a ci komai da safe.

Ta zauna daɓas a bakin gado. Nonon wa?

Saura wata biyu bikin Auta da 'yar aminiyarta, bikin da ya sa aka ɗaga har sau uku ba da wani dalili ba. Amaryar kuwa siririya ce kamar tsinke, ba ta da abin ragewa. Ashe wata ce a waje! Wata da har ya san damuwarta ta cikin riga. Da wane ido Umma za ta dubi aminiyarta?

Ta sa masa ido. Mutum shiru-shiru, mai tafiya a ranƙwafe, ko zafi na kashe mutane sai ya zumbula riga biyu, ashe shu'umi ne. Ya shige ɗaki da waya, ya datse ƙofa, ta jiyo shi ƙasa-ƙasa yana tambaya, "Likita, tabon zai fito sosai?" Ranar Litinin ta tsinci matsattsiyar rigar ƙirji a jakarsa, sabuwa fil cikin leda. Lallai ma! Har kayan ciki yake saya mata.

Ranar Laraba ya fice ko karyawa bai yi ba. Umma ta ba shi rata, ta bi shi.

A hawa na biyu na asibitin ta hango takalmansa a ƙofar wani ɗaki. Likita ta fito tana rufe bakin alƙalami.

"Ke ce mahaifiyar?"

"Ni ce," in ji Umma, don dai a bar ta ta shiga.

"Kwantar da hankalinki, Mama. An gama zane, a tsaye ake yi don ɓangarorin su zo daidai. 'Yar tsaga ce a gefen baƙin kan nono, a zuƙe kitse da siririn bututu, a cire naman da ya yi yawa. An daɗe ana shan wahala a ɓoye, wallahi."

Umma ko sauraron ƙarshen ba ta yi ba. Ta banka ƙofa, zagi fal bakinta, tana neman 'yar banzar da za ta rusa mata biki.

Mutum ɗaya ne a ɗakin: Auta, ƙirjinsa duk zanen tawada, ya yi wuf ya kare da hannuwansa biyu, ya kasa ɗaga ido ya dubi uwarsa.