Tunda Yana Wucewa

Likita ta juyo masa da hoton jijiyar zuciyarsa. Mai gyaran famfo ya gyara zaman tabarau. Shekara talatin yana buɗe bututan mutane, ya san toshewa in ya gan ta.

"Kitse ne ya taru a bangon jijiyar," in ji likita. "Ɓawonsa ya tsage, jini yana daskarewa a wurin. Shi ya sa ƙirjinka ke ciwo ko kana zaune."

"Amma jinin yana wucewa?"

"Da ƙyar."

"To, tunda yana wucewa, a bar shi."

Ya sunkuya neman takalmansa. Ashe suna cikin jakar matarsa. Matar ta ja zif ɗin a hankali ta rufe jakar.

"Haka ka ce da bututun kicin ɗina, maigida. Kwana uku muka yi muna shanya katifa."