Tsohuwar da Ta Ja Hanyar Ruwa da Yatsa

Zauna in ba ka misali da wani ƙauye na gindin dutse, tun zamanin da ƙorama ke kaiwa bazara da ruwa a cikinta. Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, gidanta ne na ƙarshe ta gangare. Kowace damina ruwa ya sauko daga dutse sai ya ƙara cin kwazazzabon da ke bayan katangarta, har ya rage taku bakwai ya haɗiye ɗakin da aka kai ta amarya, inda ta haifi 'ya'ya tara. Ran nan wani malamin gona ya zo ya ce a gina siffar ƙasar garin da yumɓu a ƙofar mai gari, tudu da kwari, kowa ya yi gonarsa da hannunsa. In an zuba ruwa aka ga hanyar da yake bi, nan za a jera duwatsu a dasa gamba. To, ka san halin ɗan Adam! Duk wanda ruwa ya ratsa gonarsa sai ya haƙura da kunyoyi uku ko huɗu. Sai kowa ya lafta yumɓu ya ɗaga tasa, ya shafe ta sumul kamar faifai, ya tura gangaren wajen maƙwabci. Da aka tuttula ruwa da buta, ruwa ya tsaya cak, ya rasa inda zai nufa. Maza suka yi ta gyaɗa kai, wai ai ga shi nan, ba ta gonar kowa yake bi ba.

Tsohuwa ta ce, "To, aljani ne ke cin bayan gidana?" Ta ɗaure zane ta durƙusa. Shekara hamsin tana yawon neman yumɓu a ƙasar nan, babu kwarin da ƙafarta ba ta sani ba. Ta jiƙa babban yatsa ta fara ja daga kan dutse. Nan tsamiyar da ita da ƙawayenta suke hutawa suna 'yan mata take, an sare ta. Nan tafkin da agwagin ruwa ke sauka, an cike shi an shuka dawa. Nan kuwa gamba ta fi mutum tsawo, har sukan ɓuya a ciki in iyaye sun biyo su da tsumagiya. Tana faɗi kewa ta kama ta, waɗanda ta yi yawon da su duk sun riga ta gidan gaskiya. Can yatsa ya iso gonar ɗanta na fari, wanda ya fi kowa cika yumɓu. Ta dakata. Wallahi ranta ya so ta kauce, ɗa ai ɗa ne. Amma ta runtse ido ta ratsa gonar ta tsakiya.

Aka sake zuba ruwa. Ya bi sawun yatsan nan a guje, ya je ya yi awon gaba da tsakuwar da aka aje a matsayin gidanta. Ɗan bai iya ɗaga kai ba, kuma kashegari shi ya fara ɗaukar dutse, sauran suka bi. Ɗakin nan bai faɗi ba, a cikinsa ta cika bayan damina shida.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ramin ƙarya ƙurarre ne.