Ƙumbar Tafkin Manomi

Kai da ka ce za ka sallami tsofaffin ma'aikatan nan don ba ka ga aikin da suke yi ba, zauna tukuna ka ji wannan.

Wani manomi yana da ɗan tafki a ƙarshen fadamarsa, daga nan gidansa ke sha har rani ya fita. Ruwan garai-garai, kana hango yashin ƙasa. A cikin yashin kuwa ƙumba ce birjik, halittar nan mai ɓawo biyu kamar an haɗa tafin hannu. Ba ta iyo, ba ta motsin kirki. Tana nan binne, baki a ɗan buɗe, tana zuƙar ruwa, ta tace ƙananan abubuwan da ke ciki ta ci, ta fesar da sauran. Wata rana 'yarsa tilo ta shiga ɗiban ruwa, ɓawon wata ƙumba ya yanke ta a diddige. Yankan bai taka kara ya karya ba, amma uba ya ga jini, zuciya ta ɗebe shi. Ya kira gayya, aka shiga da kwanduna ana laluben yashi ana tsamo ƙumbar. Tsohuwarsa ta tako da sanda ta ce, "Ɗan nan, tun ina amarya na same su a nan, bar su." Ya ce, "Inna, me suke tsinana mana?" Kafin la'asar an tara su tuli a bakin gaɓa, rana ta gasa su.

Diddige ya warke cikin kwana uku. Tafki kuwa kafin wata ya zagayo ya fara dusashewa, ya koma kore, gansakuka ta rufe shi, ga wari. Rani ya tsananta, babu wata rijiya kusa, dole aka ci gaba da sha ana tacewa da ƙyalle. Amai da gudawa suka shiga gidan. Manya suka tsira da ƙyar, yarinyar ba ta tashi ba. Wayyo, na ga mutumin nan da idona bayan an share makoki, yana kwasar busassun ɓawo yana mai da su cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, yana kuka. Ɓawon banza ne, masu tacewar sun riga sun mutu.

To, ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.